Alƙali, mai tatsuniya ko madugu: me za a kira mai jan wasan labari na kan tebur?

"Assalamu alaikum Malam. Na koyi wasan Dungeons & Dragons a wurin abokan karatuna lokacin da nake jami'a a ƙasar waje. Yanzu na dawo gida, ina so in fara yi da ƙannena uku da wata ƙawata, kuma da Hausa za mu yi, tunda ita muke hira da ita. Ni ce zan riƙa jan wasan, amma na rasa me zan ce musu ni ce. A can DM suke cewa, wasu kuma GM, na kuma ga wani littafi yana cewa Keeper. Shin duk abu ɗaya ne? Wanne ne daidai, kuma me ya kamata a kira wannan mutumin da Hausa?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yar'uwa. Na ji daɗin wannan tambaya ƙwarai, domin ni ma na daɗe ina juya ta a raina, kuma ban taɓa ɗaukarta ƙaramar magana ba. In na fahimce ki, abu biyu kike nema. Kina so ki san ko sunayen da kika ji a can duk mutum ɗaya suke nufi, sannan kina son kalmar Hausa da za ki faɗa wa ƙannenki ranar farko ba tare da dogon turanci ba. Kujerar dai ɗaya ce, amma kowane suna yana ɗauke da ra'ayin wanda ya raɗa shi game da yadda ya kamata a zauna a kanta. Da Hausa kuwa, shawarata ki kira kanki jagorar wasa, namiji kuma jagoran wasa. Amma ki yi haƙuri in bi da ke ta doguwar hanya, domin idan kin san dalilin, ko da ba ki yarda da zaɓina ba za ki iya yin naki da hujja.

Saboda masu karatu da ba su taɓa ganin irin wannan wasa ba, ga yadda yake. Mutum huɗu ko biyar za su zauna kewaye da tebur, ko a kan tabarma ma, kowa ya ɗauki mutum guda na cikin wani ƙagaggen labari, ya ba shi suna da hali da abin da ya iya, a rubuta a takarda. Mutum ɗaya ne kawai bai ɗauki jarumi ba, shi ne ke riƙe da sauran duniyar gaba ɗaya. Shi zai ce: "Kun iso bakin kogi, magariba ta kawo jiki, mai fito ya ɗaure kwalekwalensa ya ce sai gobe, ga kuma ƙurar dawaki tana tasowa a bayanku. Me za ku yi?" Wani ya ce zai lallashi mai fiton, wata ta ce za ta ɓuya a cikin ciyawa. Idan ba a tabbatar ko abin zai yiwu ba, sai a jefa ƙwayar wasa irin ta lido, wadda yara ke ce wa dayis, sai dai a nan akwai mai fuska 4, da mai 8, da mai 12, har da mai fuska 20. Abin da ya fito, shi zai faɗi ma'anarsa a cikin labarin, a ci gaba. Kin ga ke nan yana bayyana duniya, yana yanke hukunci idan an yi saɓani kan doka, yana ara wa mai fito da ɓarawo da sarki muryarsa, kuma yana lura da zaman kansa, kada mai surutu ya cinye lokacin mai kunya. Duk sunayen da kika ji, kowanne ɗaya daga cikin ayyukan nan ya kama ya ɗaga sama.

Asalin kujerar

Sunan farko da aka san wannan mutumin da shi ba shi da alaƙa da labari ko kaɗan. Alƙali ne, kuma daga barikin soja ya fito. A shekarar 1824 wani hafsan sojan masarautar Prussia, a yankin Jamus, mai suna Georg von Reisswitz, ya gabatar wa manyansa wani wasan horar da hafsoshi da ake kira Kriegsspiel, wato wasan yaƙi. Ana kasa hafsoshi gida biyu, ja da shuɗi, kowane ɓangare ya rubuta umarninsa a takarda ya miƙa wa wani mutum na uku. Wannan na ukun shi kaɗai ya san inda kowace runduna take a kan taswira. Shi zai matsar da 'yan tubalan da ke wakiltar sojoji, ya jefa ƙwaya, ya duba jadawali, sannan ya faɗa wa kowane ɓangare iyakar abin da idon sojansa zai iya hangowa. Ki lura da wannan, domin shi ne ƙashin bayan aikin har gobe: mutum ɗaya da ya san abin da sauran ba su sani ba, kuma duk sun amince ba zai cuce su da wannan sanin ba. A 1876 wani hafsan, Julius von Verdy du Vernois, ya ga jadawalan sun yi yawa har suna cinye lokaci, ya ce a rage su a bar gogaggen alƙali ya yi hukunci da saninsa na fagen fama. Gardamar da masu wasa ke yi yau, ko a bi littafi harafi da harafi ko a bar wa mai jan wasa ya yi amfani da hankalinsa, tun daga nan ta samo tushe.

Daga bariki wasan ya koma hannun masu sha'awa. Wajen ƙarshen shekarun 1960, a jihar Minnesota ta Amurka, wani matashi David Wesely ya shirya wani zama da ya kira Braunstein. Maimakon ya ba kowa runduna, sai ya ba kowa mutum ɗaya a cikin wani garin Jamus na zamanin Napoleon: wannan magajin gari, wancan mai banki, wancan ɗalibi. 'Yan wasan suka shiga ƙulle-ƙulle da juna, suna zuwa masa da dabarun da babu su a cikin doka, dole ya riƙa yanke hukunci nan take. Ɗaya daga cikinsu, Dave Arneson, shi ya ɗauki dabarar ya kai ta duniyar takubba da dodanni da ya kira Blackmoor, inda ake sauka cikin ramukan da ke ƙarƙashin wata tsohuwar fada ana neman dukiya. Shi da Gary Gygax na garin Lake Geneva a jihar Wisconsin suka fitar da Dungeons & Dragons a 1974, 'yan littattafai uku a cikin kwali, bugun farko kwafi 1,000. A waɗannan littattafan, kalmar da suka yi amfani da ita referee ce, wato rafali, irin dai wanda muka sani a filin ƙwallo. Har ma sun ce rafali ɗaya zai iya ɗaukar 'yan wasa kimanin 20, abin da ke nuna miki cewa har a lokacin kallon mai sa ido a fage suke yi masa.

Sunan Dungeon Master, wanda ake taƙaitawa DM, daga baya ya zo. Zuwa 1975 ya fara bayyana a littattafan kamfanin TSR mai buga wasan, a 1979 kuma Gygax ya fitar da babban littafin jagora mai ɗauke da wannan sunan a bangonsa, daga nan ya kafu. Ma'anarsa mai iko da ramukan nan na ƙarƙashin ƙasa, domin a farkon zamani aikin ke nan: ka zana taswirar ramuka a takarda mai layi, ka zuba tarkuna da dodanni da dukiya, ka jira 'yan wasa su shigo. Kamfanin Wizards of the Coast ya sayi TSR a 1997, kuma yana ɗaukar wannan suna a matsayin mallakarsa. Shi ya sa wasan Pathfinder, wanda ya fito a 2009 kuma daga dokokin Dungeons & Dragons ya tsiro, yake cewa Game Master, wato GM. To kin ji bambancin biyun da kika fi ji. DM na gida ɗaya ne, GM kuma na kowa da kowa. Abokan karatunki ba su yi kuskure ba da suka ce DM, tunda wasan da suke yi ke nan.

Kowane wasa da sunan da ya raɗa

Bahaushe ya ce suna linzami ne, kuma masu ƙirƙirar waɗannan wasanni sun gane haka sarai. Keeper ɗin da kika gani na wasan Call of Cthulhu ne, wanda kamfanin Chaosium ya fitar a 1981, Sandy Petersen ya tsara shi daga labaran ban tsoro na marubucin Amurka H. P. Lovecraft. A can 'yan wasan masu bincike ne, suna bin diddigin wani mugun sirri, mai jan wasan kuma shi ne ma'ajin sirrin. Sunan yana ce masa: ka riƙe abin da ka sani, ka riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan, kada ka zubar da shi gaba ɗaya. A 1991 kamfanin White Wolf ya fito da Vampire: The Masquerade ya ce nasa Storyteller ne, mai ba da labari, domin yana so a san cewa a teburinsa halin mutane da rikicin zuci sun fi kashe dodo da ƙirga zinariya muhimmanci. Wasan Traveller na tafiya sararin samaniya, na 1977, ya tsaya a kan rafali. Dungeon Crawl Classics na 2012 ya ce Judge, alƙali, don ya tuna wa mutane salon shekarun 1970. Akwai wasan Toon na 1984, na kwaikwayon katun, da ke kiransa mai zana katun ɗin.

Wanda ya fi koya mini wani abu shi ne Apocalypse World na 2010, na Vincent Baker. Shi MC ya ce, kuma duk wanda ya taɓa zuwa dinar biki a Kano ko Kaduna ya san MC. Yana riƙe da makirufo, shi ke kiran dangin ango su fito, shi ke cewa lokacin yanka kek ya yi, amma kowa ya san ba bikinsa ba ne. Littafin wasan ya gargaɗi MC kada ya zo da ƙarshen labari a aljihu, ya shiga wasan shi ma yana son ya ga abin da zai faru. Akwai kuma wasannin da suka cire kujerar ɗungurungum, kamar Fiasco na 2009, inda ake raba aikin tsakanin duk waɗanda ke zaune.

Wasu harsunan sun riga mu shiga wannan matsala. Jamusawa suna cewa Spielleiter, mai jagorantar wasa, ko da yake babban wasansu na gida, Das Schwarze Auge na 1984, Meister yake cewa, wato ubangida. Mutanen Suwidin suna cewa spelledare, ma'ana ɗaya da ta Jamusawa. 'Yan'uwanmu na Nijar da ke karanta littattafan da Faransanci za su ga MJ, wanda wasu ke warware shi maître de jeu, ubangidan wasa, wasu kuma meneur de jeu, mai jan wasa. Haruffa biyu ne, amma Faransawa sun zuba musu fahimta biyu, ta iko da ta jagoranci. A Japan, inda Call of Cthulhu ya yi farin jini sosai, KP suke rubutawa, wato Keeper a taƙaice. Abin lura shi ne da yawansu ba su tsaya fassara maganar ramuka ba. Sun dubi aikin suka nemo masa kalma a cikin harshensu.

To, da Hausa fa?

Mu fara da barin DM da GM yadda suke. Za a iya, kuma idan kina hira da masu wasa na wasu ƙasashe a intanet su za ki yi amfani da su. Amma a gida suna da cikas. Duk mai waya a hannu, idan kika ce DM, saƙon sirri na Instagram ko WhatsApp zai fara zuwa masa, irin na "yi mini DM" da masu sayar da kaya ke rubutawa. GM kuma a kunnen ɗan Najeriya janar manaja ne na kamfani ko gidan rediyo. Za ki ɓata minti goma na farko kina warware abin da ba shi ne wasan ba.

Fassara kai tsaye ta fi wannan muni. Kalmar dungeon a Turanci kurkuku ce ta ƙarƙashin fada, mai kula da kurkuku kuwa a sarautun Hausa muna da sunansa tun da can, shi ne Yari, wanda daga gare shi aka sami gidan yari. Idan kika ce wa ƙannenki ke ce Yari, kin gaya musu su fursunoni ne, alhali wasan gaba ɗayansa a kan 'yancin zaɓi aka gina shi. Kalmar master ma ba ta da masauki mai kyau a nan. Ubangida da uwargijiya suna nuna akwai bara a ƙarƙashi. Oga ta ofis ce da gareji. Akwai wasu wasannin Turawa da ke kiran mai jan wasa da sunan abin bauta, wannan kam ba sai na ce ki nisance shi ba. Haka nan ina roƙonki ki guji "mai gidan wasa" ko "mai tebur". Wasa ne da ake jefa ƙwaya a cikinsa, kuma babba a gida idan ya leƙo ya ga ana jifa, caca ce za ta fara zuwa masa a rai. Babu kuɗi a wannan wasa, babu wanda ke ci babu wanda ake cinyewa, saboda haka kada ki ɗauki sunan da zai ƙara wa zargin ƙarfi.

Sarkin wasa yana da daɗin faɗi, kuma ya dace da yadda muke raɗa suna: Sarkin Fawa, Sarkin Maƙera, Sarkin Dambe, Sarkin Samari. A wasan kalankuwa da samarin karkara ke yi bayan kaka ma ana naɗa sarki da alƙali da 'yan doka, kowa ya hau matsayinsa ya yi wasa da shi, abin da ke nuna ɗaukar rigar wani a yi wasa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Amma sarki ba a ja da shi, kuma teburin da ba a iya ce wa mai jan wasa "anya haka dokar ta ce?" ba ya daɗewa. Ga kuma wata matsalar: a cikin labarin kanta za ki riƙa yin muryar sarakuna, sai a rikice ko da wane sarkin ake magana.

Alƙalin wasa shi ne ya fi kusa da asali, kuma yana da wata fa'ida da nake girmamawa. Yana tuna miki cewa ba ki da ɓangare. Dodon da kike yi wa murya ba naki ba ne, idan ƙwaya ta ce ya faɗi to ya faɗi, ko da kin kwana kina shirya shi. Ga wanda ke son salon da, na shiga rami da taswira da ƙirga kibau da guzuri, wannan suna ya wadatar, kuma mace alƙaliyar wasa ce, ba wata wahala. Inda ya gaza shi ne alƙalin ƙwallo ba ya ƙirƙirar komai. Filin yana nan, 'yan wasa 22 suna nan, shi dai ya busa usur. Ke kuwa ke ce filin, ke ce iska da ruwan sama da 'yan kallo. Sannan alƙali tsakanin masu hamayya yake tsayawa, su kuwa ƙannenki ɓangare ɗaya suke, tare za su tsira ko su halaka.

Mai ba da labari, ko mai tatsuniya, shi ne wanda zuciyar Bahaushe za ta fi saurin karkata gare shi, kuma shi ne na fi jin tsoro. Dukanmu mun taso da "ga ta nan, ga ta nanku", muna amsawa "ta zo mu ji ta". Ki dubi amsar nan da kyau: mu ji ta. Masu sauraron tatsuniya suna iya karɓar waƙa, suna iya dariya, amma ba wanda zai ce wa kaka a'a, yau Gizo ba zai shiga gonar ba. Ta san ƙarshen tun kafin ta buɗe baki, kuma can za ta kai ku har ƙurunƙus. Wannan kuskure na taɓa yin sa da kaina. A shekarun farko da na fara jan wasa, ina gabatar da kaina a matsayin mai ba da labari, kuma da gaske haka na ɗauki kaina. Na cika littafin rubutu da abin da zai faru a kowane zama, har da jawabin da shugaban 'yan fashi zai yi kafin a kashe shi. Da 'yan wasana suka iso gare shi, sai suka yanke shawarar ba za su yaƙe shi ba, za su biya shi ya raka su. Dabara ce mai kyau, amma ba ta cikin littafina. Na sa ya ƙi. Suka ƙara kuɗi, na sa ya ƙi. Suka nemi su lallaɓa su wuce da dare, na sa aka gan su ba tare da na bari an jefa ƙwaya ba. Sai ƙaramin cikinsu, ɗan yayata, ya ajiye fensirinsa ya ce: "Kawu, in ka riga ka rubuta, karanta mana kawai mu ji." Maganar ta yi mini zafi domin gaskiya ce, kuma sai da aka yi makonni kafin ya yarda ya dawo teburin. Ban ce sunan ne kaɗai ya jawo ba, amma shi ya ba ni izinin da bai kamata in samu ba. Darakta, irin na Kannywood, ciwonsu ɗaya, domin shi ma da rubutaccen labari yake zuwa wurin ɗaukar fim.

Abin da ake kirana a teburina

Bayan wannan ne na shirya wani dogon wasa da na gina a kan fataucin goro na ƙarni na 19, lokacin da ayarin fatake ke tashi daga Kano da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, su haye Kwara, su ratsa ƙasar Borgu, su bi ta Yendi har Salaga a ƙasar Gwanja, cikin Ghana ta yau, su juyo da goro. Tafiya ce ta watanni. Tun zama na biyu 'yan wasan suka fara ce mini Madugu, ban roƙe su ba, kuma har yau sunan bai sake ni ba. Da na zauna na yi tunani, sai na ga babu kalmar da ta taɓa kama aikin kamar wannan. Madugu uban tafiya ya san hanya, ya san inda rijiya take da inda 'yan fashi ke tarewa, shi ke cewa a yi zango a nan, shi ke magana da sarakunan da ake ratsa ƙasarsu a kan kuɗin da za a biya, shi ke sasanta fatake idan sun saɓa. Amma kayan da ke kan jakunan ba nasa ba ne. Kowane falke da dukiyarsa da cinikinsa, riba tasa, hasara tasa. Kuma madugu yana cikin tafiyar, rana ɗaya ke dukansu. Haka nake so in zauna a teburi: na san abin da ke gaba, ina da alhakin kowa ya isa, amma jaruman na masu su ne.

Duk da haka ba shi na ba ki shawara ba, kuma ga dalili. Na farko, madugu shi ke zaɓar hanya, a wasanmu kuwa 'yan wasa ne ya kamata su ce gabas za mu ko yamma, saboda haka ko wannan kwatancin yana da inda ya karkace. Na biyu, kunne bai saba jin an kira mace da shi ba, ke kuwa mace ce, kuma mata masu jan wasa suna da yawa a duniya. Na uku, yana da ƙamshin wani zamani. Ya dace da labarin takobi da ayari, amma ranar da kuka koma wasan jirgin sama jannati ko na binciken kisan kai a Landan, sai ya zama kamar rawani a kan kwat. Abin da teburi ɗaya ya saba da shi bai zama harshe ba, kuma ni mutum ɗaya ne da 'yan wasa shida.

Jagora ba ta da waɗannan matsaloli. Kalma ce da yaro da babba suka sani, tana hawa kan namiji da mace, jagoran wasa da jagorar wasa, kuma tana shiga kowane irin labari. Asalinta ma yana da kyau, domin ɗan jagora shi ne mai riƙe wa makaho sanda. Shi ke gani, amma ba shi ke cewa ina za a ba. Makahon ne ke cewa kai ni kasuwa, ɗan jagora ya ce akwai rami a gabanka, akwai mota ta hagu. 'Yan wasanki ba sa ganin duniyar labarin sai ta bakinki, idan ba ki ce akwai ƙofa a bayan labule ba to babu ita a wurinsu. Wannan amana ce, irin wadda aka ɗora wa alƙalin Kriegsspiel shekara 200 da suka wuce. Ta kuma yi daidai da abin da Jamusawa da mutanen Suwidin da wasu Faransawa suka zaɓa, don haka duk wanda zai fassara littafin dokoki zuwa Hausa nan gaba zai same ta da sauƙin aiki. Rauninta ɗaya da na sani: ba ta nuna cewa ke ce mai yanke hukunci na ƙarshe idan an yi gardama kan doka. Wannan sai ki faɗa da bakinki tun ranar farko. Akwai "mai gudanar da wasa", wadda ma'anarta daidai ce, amma ta yi tsawo kuma tana da ƙamshin taron ofis.

Idan wata rana kuka ɗauki wasan da ya zo da nasa sunan na musamman, ina ganin ya kamata a girmama shi, a nemo masa Hausar da ta kama nufinsa. Na Call of Cthulhu ni ma'ajin sirri nake cewa, kuma na ga yadda jin sunan kaɗai ke sa 'yan wasa su fara rage murya. Wanda ya tsara wasa ya zauna ya zaɓi kalma saboda wani dalili, kuma sau da yawa kalmar ita ce darasi na farko a kan yadda ake jan wasan nasa.

Ki kuma sani cewa a kan teburin kansa ba za a cika kiranki da kowanne daga cikin sunayen nan ba. Ƙannenki Yaya ko Anti za su ci gaba da ce miki, ƙawarki ta kira ki da sunanki, kuma haka ya fi. Sunan aikin yana amfani ne a wuri uku: lokacin da kike gayyatar mutum, lokacin da kike bayyana wa sabon zuwa ko wani babba a gida abin da ake yi, da lokacin da wani cikin ƙannen zai ce shi ma yana so ya gwada zama a kujerar. Na ukun nan zai zo da wuri fiye da yadda kike zato, kuma a nan za ki ga amfanin kalmar da ba ta da nauyin sarauta. Yaro ɗan shekara 14 zai iya cewa "yau ni ne jagora" a gaban yayyensa ba tare da kowa ya ji wani iri ba, abin da zai yi wuya da sarki ko ubangida.

Ranar zaman farko, bayan kowa ya rubuta sunan jaruminsa, ki ce musu kamar haka: "Ni ce jagorar wasa. Zan faɗa muku abin da kuke gani da abin da kuke ji, ni zan yi maganar duk wanda kuka haɗu da shi a hanya. Ku ne za ku faɗi abin da za ku yi, ba ni ba. In an yi gardama kan doka zan yanke a ci gaba, bayan an tashi mu duba littafi tare, in na yi kuskure mu gyara a zama na gaba." Daga nan sai ki ajiye su a bakin ƙofar wani gari da yamma ana shirin rufewa, ki tambaye su me za su yi.